Layin da Ba a Gani a Fiffiken Ƙuda

Ɗan ƙudan nan mai jajayen idanu da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya zarce, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, shi ne masana ke kira Drosophila melanogaster. Asalinsa Afirka ne, kudu da Sahara, ya bi mutane da 'ya'yan itacensu har ya game duniya. Macen takan saka ƙwai mai tsawon rabin milimita. Kafin kwana ɗaya ya cika tsutsa ta ƙyanƙyashe, kuma wanda ya juya ta rigingine a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai ga ɗamarori na ƙananan ƙayoyi sun jeru a jikinta, uku a ƙirji, takwas a ciki, kowace ɗamara da santsin fata a bayanta. Gaɓoɓin jikinta ke nan. Ƙwan da ta fito daga cikinsa kuwa babu gaɓa ko ɗaya a jikinsa lokacin da aka saka shi. To wa ya yi rabon, da me ya auna, kuma bayan an raba, me ya hana ƙwayoyin halitta su cakuɗe alhali kullum suna hayayyafa suna ture juna? An ɗauki kusan shekara ɗari ana amsa waɗannan tambayoyi, kuma ba a jere amsoshin suka zo ba.

A 1910, a wani ɗan ɗaki na Jami'ar Columbia da ke New York, Thomas Hunt Morgan ya tsinci namijin ƙuda mai fararen idanu a cikin kwalabensa, daga nan ƙudan ya zama abin binciken gado. Kiwonsa ba wuya: kwalbar madara da ɗan abinci sun ishe shi, kwana goma kuma an samu sabuwar zuriya. A 1915 ɗalibin Morgan, Calvin Bridges, ya ci karo da wani ƙuda mai ban al'ajabi. Ƙuda dai fiffike biyu gare shi, a gaɓa ta biyu ta ƙirji. A gaɓa ta uku wasu 'yan sanduna ne masu dunƙulallen kai, da su yake daidaita kansa in yana tashi. A ƙudan Bridges wani sashe na sandar ya rikiɗe ya soma zama fiffike. Aka sa wa wannan lahani suna bithorax.

Edward Lewis ne ya rungumi wannan lahani, ya shafe sama da shekara talatin a kansa a Caltech da ke Kalifoniya. Ya yi ta haɗa lahani da lahani har ya samar da ƙuda mai cikakkun fukafukai huɗu. A 1978 ya wallafa abin da ya gano: akwai wani gungun ƙwayoyin gado da ke gaya wa kowace gaɓa abin da za ta zama, kuma jerinsu a kan zaren gado ya yi daidai da jerin gaɓoɓin da suke mulka, daga ƙirji zuwa wutsiya. Amma akwai abin da aikin Lewis bai taɓa ba. In aka cire gungun baki ɗaya, tsutsar tana nan da gaɓoɓinta a ƙirge, sai dai na baya duk sun koma kama da gaɓa ta biyu ta ƙirji. Wato waɗannan ƙwayoyin gado suna raɗa wa gaɓa suna ne bayan an yanka ta. Mai yankan daban ne.

Kafin a kai ga mai yankan, sai aka ga iyakar kanta, a Madrid. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, ko da yake lambar Nobel ba ta bi ta nan ba. Antonio García-Bellido da ɗalibansa biyu, Pedro Ripoll da Ginés Morata, suna nazarin yadda fiffike ke girma. A cikin tsutsa fiffiken wani ɗan faifai ne na ƙwayoyi 'yan gommai, wanda ke girma ya kai kimanin ƙwaya 50,000 kafin ya miƙe ya zama fiffiken babban ƙuda. Dabararsu ta samo tushe ne daga abin da Curt Stern ya bayyana a 1936. Ana haska wa tsutsa hasken eksire, sai a dace wata ƙwaya guda ta samu alama a gadonta, misali gashin da za ta fitar ya zama tsubbu uku ko huɗu maimakon sili ɗaya. Duk zuriyar wannan ƙwaya za ta gāji alamar. In ƙudan ya girma sai a cire fiffiken, a shimfiɗa a gilashi, a ga tabon zuriyar da iyakar inda ya kai. Irin waɗannan tabba bakinsu a karkace yake, ya shiga nan ya fita can, domin ƙwayoyi ba sa bin tsari wajen zama.

Mutanen Madrid sun ƙara wata hikima. Akwai wani lahani mai suna Minute da ke rage wa ƙwayoyi saurin girma. Suka shirya abin yadda ƙwayar da ta samu alama za ta kuɓuta daga wannan lahani, maƙwabtanta kuwa suna nan da shi. Zuriyarta sai ta tsere wa kowa, tabon ya yi girma har ya cinye kusan rabin fiffike. A nan ne abin ya bayyana. Tabon a karkace yake ta kowace fuska, sai ta fuska guda, inda ya tsaya cak a kan miƙaƙƙen layi tun daga gindin fiffike har ƙarshensa. Tabon da ya faro daga gaba ya zo layin ya tsaya, wanda ya faro daga baya shi ma haka. Layin yana tsakanin jijiya ta uku da ta huɗu, dab da ta huɗun, kuma babu jijiya ko lanƙwasa ko wani bambancin launi a wurin. Mutum zai shekara yana duban fiffiken lafiyayyen ƙuda bai gan shi ba. A 1973 suka wallafa cewa fiffike sashe biyu ne, na gaba da na baya, kuma zuriyar wannan ba ta shiga wancan. Suka kuma nuna akwai layi na biyu da ke zuwa daga baya a rayuwar tsutsa, mai raba saman fiffike da ƙasansa. A shekarar dai Peter Lawrence a Kambirij ya ga irin wannan iyaka a jikin wani ƙwaro daban.

Abin da ke burge ni shi ne hujjar tasu rashin faruwar abu ce. Ƙwayoyi masu ƙarfin mamaye fiffike sun zo wani wuri sun ƙi wucewa, daga wannan ƙin aka gane akwai doka. Nan da nan kuma tsohon aikin Lewis ya samu sabuwar fassara: lahanin bithorax rabin gaba na sandar nan kaɗai yake mayarwa fiffike, wani lahanin mai suna postbithorax ya mayar da rabin baya, shi ya sa sai da aka haɗa su aka samu cikakken fiffike. Inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka, a kan layin Madrid ne. A 1975 Morata da Lawrence suka nuna ƙwayar gadon da ke riƙe da layin, mai suna engrailed. Tana aiki a sashen baya kaɗai. In ƙwayoyin baya suka rasa ta sai su soma ƙera abin da ya kamaci gaba, kuma su daina girmama iyakar, su tsallaka. Shekara guda bayan haka, wani matashi Ba'amurke mai suna Eric Wieschaus, yana aiki da Walter Gehring, ya nuna cewa wannan rabo yana nan tun ɗan tayi bai wuce 'yan sa'o'i ba. Ashe asalin layin fiffike yana cikin ƙwai.

A ɗakin binciken Gehring da ke Basel ne Wieschaus ya haɗu da Christiane Nüsslein-Volhard, Bajamushiya wadda ta fito daga fannin sinadaran halitta. A 1978 aka ba su ɗan ɗaki guda su biyu a cibiyar EMBL da ke Heidelberg. Shawarar da suka yanke mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar aikatawa: su lalata ƙwayoyin gadon ƙuda ɗaya bayan ɗaya, ba zaɓe, su duba wacce in ta lalace tsarin jikin tsutsa ke rushewa. Kafin su galibin masu bincike babban ƙuda suke dubawa, alhali lahanin da ya taɓa ginshiƙin jiki ba ya barin ɗan tayi ya ƙyanƙyashe. Su sai suka koma ga matattun ƙwai, waɗanda wasu ke zubarwa.

Ga yadda aikin yake. A ciyar da mazan ƙuda wani sinadari mai suna EMS da ke jawo lahani a maniyyinsu. A aurar da su, a kafa dangi daban-daban, kowane dangi da nasa lahanin, a kai su zuriya ta uku inda wasu 'ya'yan za su gāji lahanin ta uwa da ta uba. A tattara ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, a wanke ɓawonsa da ruwan bilic, a sa shi cikin wani ruwa mai narkar da nama ya bar fatar tsutsa garau da ƙayoyinta. Sannan a duba. Madubinsu mai mazaunin ido biyu ne, suna zaune fuska da fuska suna kallon gawa ɗaya a lokaci ɗaya, suna gardama a kan ko wannan lahani ne na gaske ko ƙwan ne kawai ya lalace. Dangi kusan 27,000 suka bi ta haka, tare da Gerd Jürgens da Hildegard Kluding, suka fitar da ƙwayoyin gado kimanin 120 masu hannu a tsarin jikin tsutsa.

Tun kafin su kammala, a Oktoban 1980, suka wallafa a mujallar Nature labarin guda 15 da suka shafi gaɓoɓi. Gawarwakin sun kasu gida uku. A kashi na farko babban yanki ne ya ɓace gaba ɗaya, gaɓoɓi da yawa a jere, kamar a Krüppel inda ƙirji da farkon ciki suka tafi, ko knirps inda mafi yawan ciki ya tafi. A kashi na uku kowace gaɓa tana nan, amma rabinta ya ɓace, rabin da ya rage ya maimaita kansa a juye, har santsin fatar ya ƙare tsutsa ta zama ƙaya tun daga sama har ƙasa, kamar a hedgehog da wingless. Kashi na tsakiya shi ne wanda ba wanda ya zata. A even-skipped da odd-skipped da hairy da paired, gaɓa ɗaya tana nan, ta gaba babu, ta gaba tana nan, ta gaba babu. Babu wani abu a jikin ƙuda, tsutsa ko babba, da ke tafiya bibbiyu haka. Amma gawar ta nuna cewa akwai lokacin da ɗan tayi ke ƙirga jikinsa da gaɓa biyu-biyu kafin ya raba su ɗai-ɗai. Daga siffar matattun tsutsotsi kawai, ba tare da sun riƙe furotin ko ɗaya a hannu ba, suka karanto cewa ana rabon ne mataki-mataki, daga manyan yankuna zuwa ƙanana.

Saura ma'aunin farko. Klaus Sander na Freiburg, wanda Nüsslein-Volhard ta yi aiki a wurinsa, ya daɗe yana ɗaure ƙwan wani ƙwaro da zare yana matsar da abin da ke gindinsa, ya kuma yi hasashen cewa akwai wani abu da ke fitowa daga kowane bakin ƙwai yana raguwa in ya yi nisa. A Tübingen aka kama shi. Hans Georg Frohnhöfer ya nuna a 1986 cewa uwar da ta rasa ƙwayar gado mai suna bicoid tana saka ƙwan da tsutsarsa ba kai ba ƙirji. Ya zuƙo ruwan goshin lafiyayyen ƙwai da siririyar allura ya zuba a goshin marar lafiyan, kai ya dawo. Ya zuba a tsakiya, sassan kai suka fito a tsakiya. A 1988 Wolfgang Driever ya rina furotin da bicoid ke samarwa aka gan shi da ido: ya yi kauri a goshi, yana ta sirancewa har ya wuce tsakiyar ƙwai. Da suka ƙara wa uwa yawan wannan ƙwayar gado sai iyakar kai ta matsa baya, da suka rage ta matso gaba. Uwa ce ke ajiye saƙon a goshin ƙwai tun yana cikinta, ta ajiye na wata ƙwayar gado mai suna nanos a gindi, wanda Ruth Lehmann ta yi aiki a kansa.

Abin da ya sa wannan ke yiwuwa wani hali ne na ƙwan ƙuda. A sa'o'in farko cibiyoyin ƙwayoyi ne kaɗai ke rabuwa, sau 13, na farko-farkon kowane minti tara ko goma, ba tare da an gina bango tsakaninsu ba. Cibiyoyi kusan 6,000 suna jere a gefen ƙwai cikin ruwa ɗaya, furotin yana yawo daga wannan zuwa waccan ba shamaki. Sai wajen sa'a uku da saka ƙwan tantani ke sauka ya kewaye kowace cibiya. Kafin lokacin an gama babban rabo. Inda furotin Bicoid ya yi yawa ƙwayar gado mai suna hunchback ta kunnu a rabin gaba, Krüppel ta kama tsakiya, knirps da giant suka ɗauki nasu yankunan, kuma suna danne juna, kowace tana hana maƙwabciyarta shigowa, har iyakokinsu su yi kaifi.

A 1984 Ernst Hafen da Atsushi Kuroiwa da Gehring suka nuna inda ƙwayar gado mai suna fushi tarazu ke aiki a ɗan tayi: ratsi bakwai cif, sun kewaye ƙwai, kowane faɗinsa ƙwaya uku zuwa huɗu. Gani ya kori ji. Ƙirgan bibbiyun da aka karanto daga gawa ga shi a fili. A shekarar ne kuma ɗakin Gehring, da Matthew Scott da Amy Weiner a Indiana, suka gano wani guntun rubutu mai harafi 180 da ke maimaituwa a ƙwayoyin gadon da ke raɗa wa gaɓoɓi suna, aka kuma same shi a kwaɗo da ɓera da mutum. Shekara ta gaba aka ga engrailed da ratsinta 14.

Ratsi bakwai masu tazara ɗaya sun ja hankalin masu lissafi. Tun 1952 Alan Turing ya nuna cewa sinadarai biyu masu yaɗuwa suna tasiri a kan juna za su iya haifar da ratsi da kansu, kuma mutane da yawa sun sa ran doka guda irin wannan ce ke zana duka bakwai ɗin. Ba haka aka tarar ba. Da aka yayyanka rubutun da ke kunna even-skipped, sai aka ga makunnai ne daban-daban, wani na ratsi ɗaya, wani na biyu. Stephen Small da Michael Levine da abokan aikinsu suka warware na ratsi na biyu a 1991 da 1992. Guntu ne mai harafi kimanin 480. Bicoid da Hunchback suna hawa kansa su kunna shi, kuma su biyun suna ko'ina a rabin gaba, da su kaɗai ne da rabin ƙwan duka ya kunnu. Giant ke kashe shi ta gaba, Krüppel ta kashe shi ta baya, ratsin shi ne 'yar tazarar da ta rage tsakanin masu kashewa biyu. Cire mazaunin Giant a kan guntun, ratsin ya bazu gaba. Wasu sun ji takaicin wannan, suna ganin ba shi da kyan tsari. Ni ban ga abin takaici ba. Kowane ratsi yana da dalilinsa da za a iya taɓawa a gwada, a cire a ga abin da zai biyo baya, kuma wannan ya fi mini doka mai kyau a takarda.

Akwai wani abin da ya rikita lissafin kowa. Ratsin 14 ba su faɗa daidai kan gaɓoɓin tsutsa ba. Alfonso Martinez Arias da Peter Lawrence suka bayyana a 1985 cewa ɗan tayi yana fara yanka kansa ne a gurbin da ya goce da rabin gaɓa: kowane yanki na farko ya ƙunshi bayan wata gaɓa da gaban mai bi mata. Iyakar waɗannan yankuna na farko ita ce ainihin layin da aka gani a fiffike a Madrid. A can ne ƙwayoyin engrailed ke fuskantar jeri guda na ƙwayoyin wingless. Ramin da ido ke gani tsakanin gaɓa da gaɓa daga baya yake zuwa, a ɗaya gefen ratsin engrailed.

To a wannan lokaci bango ya riga ya kewaye kowace ƙwaya, furotin na uwa da na ratsi bakwai kuma suna gushewa. Da me za a riƙe layin? A 1988 Stephen DiNardo da Patrick O'Farrell a gefe guda, Martinez Arias da Nicholas Baker da Philip Ingham a ɗaya gefen, suka nuna cewa jerin biyu suna rayar da juna ne. Ƙwayar wingless tana fitar da saƙo zuwa maƙwabciyarta, saƙon ya sa engrailed ta ci gaba da aiki. Ita kuma mai engrailed tana mayar da nata saƙon, wanda aka tabbatar a 1992 cewa Hedgehog ne, shi ke sa wingless ta ɗore. Kashe ɗaya, ɗayar ta mutu cikin 'yan sa'o'i, iyakar ta shafe. Daga wannan layi ne kuma ake auna sauran gaɓar: inda saƙon Wingless ya kai fata ta yi santsi, inda bai kai ba ƙaya ta tsiro. Shi ya sa gawar da ta rasa shi ta zama ƙaya zalla. A faifan fiffike ma haka, kamar yadda Konrad Basler da Gary Struhl suka nuna a 1994: Hedgehog daga sashen baya yana tsallaka layin ya kunna wata ƙwayar gado mai suna dpp a siririn ratsi na ƙwayoyin gaba, daga wannan ratsi saƙo ke bazuwa hagu da dama yana tsara girman fiffike da wuraren jijiyoyinsa. Iyakar da aka ɗauka shinge ce kawai, ashe daga gare ta umarni ke fita.

Wannan ya wuce ƙuda. R. P. Sharma ne ya fara samun lahanin wingless a Indiya a farkon shekarun 1970, a ƙudan da ya rasa fiffike. A 1987 ɗakin binciken Roel Nusse ya gano cewa ita ce takwarar int-1, ƙwayar gadon da shi da Harold Varmus suka samu a 1982 a sankarar maman ɓera. A 1993 aka samu dangin hedgehog a kaza da ɓera da kifi, suna tsara yatsu da laka. A 1996 aka danganta lahanin patched, ɗaya daga cikin gawarwakin Heidelberg, da wata sankarar fata ta mutane, kuma a 2012 Amurka ta amince da maganin da ke toshe hanyar saƙon Hedgehog. Lewis da Nüsslein-Volhard da Wieschaus sun karɓi lambar Nobel a 1995. Sai dai kada a zarce: yadda ƙuda ke zana gaɓoɓinsa duka a lokaci ɗaya ba shi ne na kowa ba. A 1997 ɗakin Olivier Pourquié ya nuna cewa a ɗan tayin kaza wata 'yar'uwar hairy tana kunnuwa tana mutuwa kowane minti 90, kowane zagaye ya yanke gaɓa guda ta ƙashin baya, kuma daga baya aka ga irin wannan agogo a ƙwaron fulawa. Ƙuda mai gaggawa ne, ya taƙaita tsohuwar hanya.

Duk da haka tambayar Madrid ta asali tana nan ba a amsa ta ba. Sanin cewa ƙwaya tana da engrailed bai faɗi abin da ke tare ta a jiki in ta zo layin ba. Shekara da shekaru amsar da aka fi riƙewa ita ce ta Malcolm Steinberg, wanda ya ce a 1963 ƙwayoyi iri ɗaya sun fi manne wa juna, don haka suke warewa daga baƙi. An nemi wannan manne na musamman a layin fiffike an daɗe ba a kama shi ba. Sai hankali ya koma wani wuri. Robert Major da Kenneth Irvine suka lura a 2005 da 2006 cewa zaren aktin da furotin mayosin, irin waɗanda ke sa tsoka ta tsuke, sun taru a kan layin da ke raba saman fiffike da ƙasansa. A 2009 ɗakin Christian Dahmann a Dresden, tare da masana kimiyyar lissafin motsi na ɓangaren Frank Jülicher, suka auna ƙarfin. Suka saita hasken lesa a kan mahaɗar ƙwaya biyu suka tsinke ta, suna ɗaukar hoton yadda bakin biyu ke ja da baya. A tsakiyar sashe bakin yakan janye a hankali. A kan layin gaba da baya kuwa sai ya zabura kamar tsirkiyar baka da aka yanke tana ɗaure. Lissafinsu ya ba da cewa jan da ke kan layin ya ninka na sauran wurare sau biyu da rabi, kuma da suka sa wannan adadi a kwamfuta ya isa ya riƙe layin a miƙe duk da hayayyafar ƙwayoyi.

A 2010 Bruno Monier da Bénédicte Sanson da abokan aikinsu a Kambirij suka ɗauki hoton abin yana faruwa a ɗan tayi mai rai. Ƙwayar da ke bakin iyaka in za ta rabu takan kumbura ta zama dunƙule, ta tura layin ya lanƙwasa cikin yankin maƙwabta. Igiyar mayosin da ta ratsa ƙwayoyin bakin layin, daga wannan zuwa waccan, sai ta ja, ta mayar da 'ya'yan biyu gefensu. Da suka kashe mayosin a kan igiyar kaɗai da hasken lesa, ƙwayoyin da suka rabu a wurin suka kutsa ɗaya gefen, layin ya karkace. A ɗan tayin da ya rasa wingless ma igiyar ba ta ɗorewa. Kowace rabuwa a bakin layi ƙalubale ce, kuma kowane karo sai an mayar da ita.

Abin da ya haɗa wannan ƙarfi da ratsin Heidelberg ya fito ne daga ɗakin Jennifer Zallen a New York. Tun 1994 Irvine da Wieschaus sun nuna cewa ɗan tayin da ya rasa even-skipped ba ya iya miƙa jikinsa yadda ya kamata, a lokacin da ƙwayoyi ke kutsawa tsakanin juna tsawon jiki ya ninka. A 2014 Adam Paré da Zallen suka gano cewa ƙwayoyin gadon ratsi bakwai suna shimfiɗa wasu furotin uku na dangin Toll a fatar ƙwayoyi, su ma ratsi-ratsi, ta yadda kowane jeri ya bambanta da na kusa da shi, kuma mayosin yana taruwa ne a inda fata biyu mabambanta suka haɗu. A 2019 suka ƙara da wasu furotin biyu, Tartan da Ten-m, waɗanda ke yin wannan aiki a kan iyakar sassan kanta. Da suka cire Tartan, mayosin ya ragu a kan layin, layin kuma ya rasa miƙewarsa, alhali ratsin wingless yana nan a gurbinsa.